Asibitin unguwarmu da allurar korona: allurar kam ba laifi, amma zancen kati sai haƙuri

Wanga sharhi kan asibitin sha-ka-tafi ne na unguwarmu nan cikin garin Sakkwato, kuma ɓangaren rigakafi kawai nake nufi, ba ɗakin haihuwa ba, ba wurin awon ciki ba. Sunan wurin zan bar shi a cikina, don akwai abin yabo akwai na tsiya, kuma ma'aikatan mutane ne da muke haɗuwa a masallaci da wurin suna. In a taƙaice kake so, wajen yin allurar ita kanta na ba su taurari huɗu cikin biyar, amma wajen ajiye bayanan mutum da nemo mai su in ya dawo yana nema, biyu da rabi, rabin nan ma albarkacin wata sista ce guda da wasu ƙattan littattafai masu baƙin bango. Tun 2021 nake kai mahaifiyata wurin, Inna, mai ciwon suga da hawan jini, don haka ni ganau ne ba jiyau ba.

Ku tuna yadda abin ya faro. Ƙarshen Fabrairun 2020 anka samu mutum na farko mai korona a Legas, zuwa Afrilu ta iso mana Sakkwato, makarantu a rufe, ana ta gardama kan tazara a sahu. Allurar ba ta shigo Najeriya ba sai 2 ga Maris 2021, AstraZeneca kusan miliyan 4 ta hanyar COVAX, shirin nan na raba allurar korona ga ƙasashen duniya, ranar 6 ga wata anka nuno Buhari da Osinbajo a talabijin ana tsira masu. Inna na gani ta ce su ai ruwa anka zuba masu cikin sirinji. Kuma ba ita kaɗai ba, kawuna kullum ya zo gaisuwa sai ya tayar da zancen Kano na 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibiti da yara kusan 200 cikin gwajin, 11 sunka rasu wasu sunka nakasa, magana har kotu. Ya ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Ni dai ban taɓa ganin wautar mai tsoro ba, tsoron nan yana da asali, shi ne ya sa anka ƙaurace wa ɗigon foliyo a wasu jihohin arewa a 2003. Likitan da ke duba mata suga ya yi mata bayani ya gaji, ya ce irinku cutar ta fi kayarwa, ana ta jin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da hakimai suna kira kan rigakafi kamar yadda sunka daɗe suna yi tun lokacin foliyo, duk ta ji ta ce to. Amma tsakani da Allah abin da ya ɗaga ta daga kan tabarma shi ne da ta ji an ce ba mai shiga Makka sai da shaidar allura, ita kuma ta daɗe tana tara kuɗin kujera.

Wajen ƙarshen 2021 munka je, hunturu ya fara busawa. Wurin ba wani babba ba ne, rumfar kwano ce a gaba da benci biyu dogaye da wani itacen dogon yaro da kowa ke rububin inuwarsa, ruwan wanke hannu a bokiti mai famfo, sabulun ya ƙanƙance har ana ganin haske ta cikinsa. Abin da ya fara burge ni firij ɗinsu ne, mai sola ne ba ruwansa da NEPA, kuma a jikinsa an liƙa takarda da suke rubuta sanyinsa safe da yamma, don allurar tana son tsakanin digiri 2 zuwa 8 ne, ku kuwa kun san zafin Sakkwato in Afrilu ya kama, 40 wasa ne. Daga firij sai cikin akwatin sanyi mai ƙanƙara, ba a barin kwalba a kan tebur tana shan iska. Sai dai akwai jira, kuma jiran ba na layi ba ne, na rashin layi ne. Kwalbar AstraZeneca ta mutum 10 ce, in anka fasa ta kuma awa 6 take da shi, bayan nan abin da ya rage sai zubarwa, saboda haka ba su buɗewa sai kai ya cika ko ya kusa. Muna zaune ba mu cika ba, rana tana ta yi, Inna ta fara cewa ita tafiya za ta yi ta ɗora sanwa, sai maigadin wurin, wani dattijo mai fara'a, ya fita bakin titi ya dawo da 'yan kabu-kabu biyu da mai shayin kwana, yana janye da hannun mai shayin yana ce mai kai da ke shaƙar numfashin gari duka ai kai ya kamata a fara yi wa. Haka anka cika anka fasa kwalba. Wani zai ce ɓata lokaci ne, ni na ga tattali ne, sai dai da sun rubuta a allo sun ce ƙarfe kaza ake fasawa da kowa ya san lokacin zuwa, ba tsohuwa mai suga ta zauna da yunwa ba.

Sistar da ke yin allurar ita ce ta ci masu taurarin nan huɗu. Ba yarinya ba ce, ta kwana biyu cikin aikin, kuma ta san mutanenta. Ta sa an kewaye kusurwar ɗaki da labule don mata, ba wadda za a ce ta zare hannun riga gaban maza, wanda wallahi da babu labulen nan rabin matan da na gani a bencin da sun koma gida. Ta tambayi Inna ko tana zazzaɓi, ko wata allura ta taɓa yi mata illa, ko ta sha maganin sugarta da safe, sannan ta ce, "Inna kawo na hagun, na daman nan mu bar shi don tuƙin tuwo." Inna ta runtse ido tana ta salati ta ce, "Ɗiyata ki yi mani a hankali, ni tsohuwa ta." Sista ta yi dariya ta ce, "An gama tun ɗazu Inna, sabon sirinji na, ga shi nan kin ga na jefa shi kwali." Ta zaunar da mu wajen rubu'in awa ko fiye don a ga ko jiki zai yi wani abu, ta ce in hannu ya yi tsami ko an ji zazzaɓi da ciwon gaɓɓai a sha parasitamol, kwana ɗaya biyu zai wuce, in kuwa numfashi ya yi wuya ko wani ciwon kai mai tsanani ya ƙi tafiya a dawo da gudu ko a wuce babban asibiti. Ni na kwana da rawar sanyi, Inna ko gezau, washegari har tsiya take min wai samarin yanzu ba ƙwari. Kuma ko sisi ba a karɓa ba, ba kuɗin kati ba kuɗin sirinji ba na goro.

Da munka koma ta biyu a farkon 2022 labari ya riga ya bazu cewa a watan Disamba an lalata allurai sama da miliyan 1 a Abuja don wa'adinsu ya ƙare, an kawo su kyauta daga waje saura ƙiris su lalace. Kawu ya samu abin faɗi, ya ce ragowar ce za a ɗura maku. Na faɗa wa sista, ba ta ji haushi ba, ta ɗauko kwalbar ta miƙo min ta ce karanta da kanka Malam, ga wata ga shekara. Wanga abu ƙarami ne amma ya yi min daɗi ƙwarai.

To yanzu mu zo teburin rajista, nan ne ruwa ya fara ƙarewa ɗan kada. Wani yaro ne matashi, cikin waɗanda anka ɗauka aikin wucin gadi lokacin, gabansa ga littafi ga waya ga tarin kati, shi kaɗai yana rubutu wuri uku, gumi na zuba. An raba mu, maza gefe mata gefe, ina can ana yi min tawa ina jiyo shi yana cewa, "Inna mi as sunanki?" ta faɗi sunan da duk unguwa ke kiranta da shi, wanda ba shi ne na yanka ba. Ya ce, "Sunan maigida hwa?" Shiru. Duk wanda ya tashi gidan Hausawa ya san matar zamaninsu ba ta kama sunan mijinta, balle ya rasu, balle gaban jama'a, ta ja hijabi ta rufe baki kawai, sai wata maƙwabciyarmu da ke bayanta ta taimaka ta faɗi laƙabin Baba na kasuwa, yaro ya rubuta. Shekaru fa? Inna ta ce ita dai an ce tana goye anka kashe Sardauna. Janairun 1966 ke nan, lissafi mai sauƙi, amma yaron bai tsaya ba ya dangwala 1 ga Janairu 1960 ya wuce. Lambar waya ta ba da ta jikanta don ita ce ta haddace. Duk wanga abu bai ɗauki minti uku ba kuma shi ne ya zo ya ba mu wahala daga baya. Laifin wurin a nan a fili yake, da an ce kowa ya zo da takardar NIN ko katin zaɓe a kwafa daga ciki da an huta, sunayenmu ma ko ba kunya rubutunsu kala-kala ne, wani ya sa Muhammad wani Mohammed wani Muhammadu, Usman da Usmanu, kwamfuta kuwa ba ta san duk mutum ɗaya ne ba.

Katin kore ne, ga waɗanda sunka manta kamarsa. Akwai suna, irin allurar da anka yi maka, lambar rukunin kwalbar, ranar da anka yi da ranar dawowa, sai alamar nan ta QR da wata lamba mai farawa da NG. Lambar nan ita ce komai. Tsarin hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, shi ne bayaninka ya zauna wuri uku, a katinka, a littafin asibiti, sannan a tura shi ta waya zuwa rumbunsu na intanet da suke kira EMID, daga nan ne in an sa lambar a shafin tantancewa ko an yi sikanin QR sai sunanka ya fito da abin da anka yi maka. Ranar dawowa ta danganta da irin allurar, AstraZeneca sati 6 zuwa 12, Moderna sati 4, Johnson & Johnson kuwa shan farko ɗaya ce. A nan ma zan yaba masu, wata 'yar sa-kai ta biyo gida-gida tana tuni kafin ranar ta zo.

Sai 2022. Kun san a 2020 'yan tsiraru mazauna Saudiyya ne sunka yi Hajji, 2021 mutum 60,000 su ma na cikin gida, sai 2022 anka buɗe wa 'yan waje amma da sharaɗi, kada ka wuce shekara 65, ka yi allurar korona cikakkiya, ka zo da gwajin korona na PCR, Najeriya duka kujera 43,008 anka ba ta. Allah ya sa sunan Inna ya fito. Ana cikin haɗa takardu aka ce a kawo kati, ta ce yana aljihun hijabinta mai ruwan toka inda take ajiye shi, ashe jikanyarta ta kwashi wanki ta jiƙa shi da omo ya kwana, abin da munka ciro wani ɗan curin takarda ne kore-kore, ba suna ba lamba, QR ɗin ya tafi da ruwan ɗauraya. Inna ta zauna ta yi tagumi ta ce shike nan, ba a kira ta ba bana.

Na ɗauke ta munka koma asibitin. Yaron rajista ba ya nan, aikinsu ya ƙare an sallame su, kuma wai wayar da yake aiki da ita ma ba ta wurin. Wani da munka tarar a teburin, ko kallon curin takardar bai yi ba, ya ce ai sai dai a sake mata allura daga farko a ba ta sabon kati. Wanga magana ta ɓata min rai har yau, mace ta yi biyu cikakku ka ce a maida ta sifili don kai ba ka son tashi daga kujera, ga lokaci ya ƙure, in an fara daga farko yaushe za a yi ta biyu jirgi bai tashi ba. Muna cikin haka sista ta fito daga ɗakin yara tana goge hannu, ta gane Inna nan take, ta ce, "A'a, ba a haka. Ni da hannuna na yi mata, duka biyun." Ta shiga wani ɗan sito ta fito rungume da littattafan rajista, manya masu baƙin bango, an ɗaure su da tsumman bandeji, ƙura ta yi masu fari, ta zube su kan benci ta ce, "Inna yaushe anka yi maki ta farko?" Inna ta ce bayan Maulidi da kamar wata guda, ranar da anka jawo mai shayi. Sista ta ƙyalƙyale ta ce ta tuna mai shayin amma littafi ba ya da shafin mai shayi. Sai ta juyo ta ce, "Malam ba tare anka yi maku ba? Ina naka?" Nawa na cikin walat. Daga katina ta ɗauki kwanan wata da lambar kwalba, ta buɗe littafin watan, tana bin layi da yatsa tana lasar ɗan yatsan tana juya shafi, rubutun biro wani shuɗi wani baƙi wani ya dushe, har ta iso sunana. Sama da shi kaɗan ga wani suna da ba wanda zai ce na Inna ne, sunan unguwa haɗe da laƙabin Baba, amma a gefe ga lambar wayar jikanta ɓaro-ɓaro, ga lambar NG a ƙarshen layi. Inna ta ɗaga hannu tana sa mata albarka, Allah shi ba ki aljanna ɗiyata, Allah shi kai ki ke ma, har sista ta ji kunya ta ce ai aikinta ne.

Abin lura a nan, littafin nan ba a jere yake da suna ba, da rana yake. In ka je ka ce a nemo maka sunanka kawai ka ɗora wa mutane aikin yini. Ka je da wata da shekara, ko katin wanda kunka je tare, ko ka duba hotunan wayarka na ranar don mutane da yawa sun ɗauki hoton hannu da auduga sun sa a status, kwanan watan na nan jikin hoton. Kuma wurin da anka yi maka za ka koma, in a kasuwa ko tasha ko ƙofar masallaci 'yan tafi-da-gidanka sunka tare ka, to daga wani asibiti anka turo su kuma littafin can ya koma, mai unguwa ko ofishin lafiya na ƙaramar hukuma za su gaya maka wane ne.

Samun lamba bai ƙare magana ba. Da munka sa ta a shafin tantancewa bayani ya fito, amma da sunan nan na unguwa, da 1960, kuma allura ɗaya kawai ya nuna, ta biyun tana littafi amma daga asibitin ba a tura ta sama ba. Sista ta ce haka na faruwa, in ba natwok ko data ta ƙare sai bayanin ya zauna cikin waya ana jiran a tura, wani lokacin a manta. Wannan a cikin gari ke nan fa. Ku tuna a watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga, to duk ɗan'uwanka da anka yi wa allura a can cikin wancan lokaci ya kamata ya gwada lambarsa tun kafin buƙata ta taso. In-cajin asibitin ya rubuta mana 'yar takarda ya buga hatimi, munka kai ofishin lafiya na ƙaramar hukuma da fasfo ɗin Inna, wani jami'i mai laftof ya gyara suna da shekarar haihuwa daidai da fasfo ya shigar da ta biyun, ba ranar ta fito ba amma ta fito, anka rubuta sabon kati. Zirga-zirgar da kuɗin kabu-kabu da zaman jiran mai laftof ya dawo daga mitin, duk da an yi aikin daidai a teburin farko da ba a yi su ba, shi ya sa biyu da rabi. Na yi fotokwafi a kafe, na ɗauki hoton gaba da baya na tura wa kaina da ƙannena a WhatsApp. Mai kafe ya so ya yi mai lamineshin na hana, kwafin za ka liƙe da leda ba na asalin ba, don in an zo busta, wato allurar ƙari, a jikinsa za a rubuta.

Af, akwai wani mutum da ke shawagi wajen ƙofar lokacin, ba ma'aikaci ba ne, ya ja ni gefe ya ce in ina so zai samo min kati a cike ba allura ba wahala, kuɗi kaza. Kasuwar irinsu ta buɗe ne tun da gwamnatin tarayya ta ce daga 1 ga Disamba 2021 ma'aikatanta sai da shaidar allura ko gwaji za su shiga ofis, ga kuma matafiya. Ban da haramcin abin, wauta ce, kati ba lamba a rumbu takarda ce kawai, ana sikanin ta tona maka asiri a gaban jama'a. Asibitin ya kamata su kore shi daga bakin ƙofarsu, suna ganinsa.

Kuma don Allah a daina haɗa katin korona da yalo kad, mutane da yawa a layin alhazai sun ɗauka abu ɗaya ne. Yalo kad na allurar ciwon shawara ne, jami'an lafiya na filin jirgi da kan iyaka ke ba da shi ba sha-ka-tafi ba, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allurar shawara ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Saudiyya na neman wannan daga 'yan Najeriya, da ta sanƙarau wadda ake so a yi aƙalla kwana 10 kafin isa, da ɗigon foliyo. Inna dai ta samu duka ta je ta dawo da haƙorin Makka, yanzu a asibitin Hajiya suke ce mata.

Saura zancen ci gaba da allurar, wanda shi ne mutane sunka watsar gaba ɗaya. An amince da busta a Najeriya tun Disamban 2021, ga mai shekara 18 zuwa sama, wata 6 bayan ta biyu, ko wata 2 ga wanda ya yi Johnson & Johnson. Inna ta yi tata bayan ta dawo, Pfizer anka yi mata, kawu ya ce kun ga ni ko, kamfanin nan dai, ta ce mai ita ta riga ta ga Ka'aba a bar ta. Ba dole sai irin wadda ka fara da ita ba, ana haɗawa, AstraZeneca ma kamfanin ya janye ta daga kasuwa a 2024. Daga nan sai komai ya yi tsit. Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya, mu kuma a nan abin da munka ji shi ne korona ta ƙare, alhali ba haka anka ce ba. Ƙwayar na nan tana sauya kama, daga Delta zuwa Omicron da ta ɓullo ƙarshen 2021 zuwa jikokinta, shi ya sa kamfanoni ke sabunta allurar, kuma ƙarfin da take ba jiki yana raguwa bayan watanni. Ba ta hana ka kamuwa ɗari bisa ɗari, aikinta ta hana abin ya kai ka gadon asibiti da iskar oksijin. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023 ba kowa da kowa ba ne, saurayi lafiyayye da ya yi nasa ba a matsa mai ba, waɗanda ake so su riƙa maimaitawa bayan wata 6 zuwa 12 su ne tsofaffi, masu suga da ciwon zuciya da ƙoda da makamantansu, masu raunin garkuwar jiki, ma'aikatan lafiya, sai mai juna biyu a yi mata sau ɗaya cikin kowane ciki. Wato Inna na ciki dumu-dumu.

A nan asibitin ya sake faɗuwa a idona. Da can shela ake yi, rediyo na faɗi, 'yan sa-kai na ƙwanƙwasa ƙofa, yanzu ko takarda ba a liƙa ba, ga littafi cike da sunayen tsofaffi masu suga da lambobin wayarsu amma ba mai kira. Zuwan da na yi na baya-bayan nan na tambaya, sista ta buɗe firij ta nuna min, na yara ne cike, BCG da penta da ta ƙyanda da sauransu, ta korona babu a ranar, ta ce ba ta zuwa kamar da, ta rubuta lambata a bayan littafinta ta ce in ta shigo ko ta ji inda take za ta kira, ta kuma ce in riƙa tambayar likitan suga duk ranar kilinik don su suka fi sanin lokacin da ya dace da ita. Na yarda da ita don ta taɓa cika min alkawari, amma tsari bai kamata ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba, ranar da anka yi mata canjin wurin aiki ko ta yi ritaya wa zai kwance bandejin nan ya bi layi da yatsa?

Ga mai son zuwa, ka je da safe kafin rana ta take, ka kauce wa ranar rigakafin yara da ranar awon ciki don benci ba wurin zama kuma sista ba ta da lokacin buɗe tsohon littafi, Juma'a kuwa kafin azahar wuri ya watse. Tsoho ya karya kafin ya fito, a zo da takardar NIN ko fasfo a ajiye wa mai rubutu a gabansa ya kwafa harafi da harafi. Wanda anka yi wa allura a wata jiha, Kebbi ko Zamfara ko Kaduna, in lambarsa na hannu za su iya duba shi su ɗora mai busta a kai in akwai, amma in ba kati ba lamba ba hoto, littafinsa na can inda anka yi mai, sai ya sa wani nasa ya je ya duba mai ya turo.